Waiwaye: yadda 'yan Indiya suka daɗe suna sake tsofaffin finafinansu, da inda abin ya kai su

Duk sanda aka ji za a sake wani tsohon fim ɗin Indiya sai mutane su rabu biyu, manya da suka sha layin tikiti a Plaza da Eldorado a Kano suna cewa don Allah a bar musu abinsu, yaran yanzu 'yan kallon fassara a waya kuma suna cewa ai tsohon nan hotonsa ma ba ya kalluwa. To amma fa harkar nan ba yau aka fara ta ba, kusan tare da silimar Indiya mai magana ta taso, kuma da yawa daga cikin finafinan da manyanmu ke rantsuwa da su cewa su ne na asali, su ma maimai ne.

Mother India na 1957, wanda ba na jin akwai fim ɗin Indiya da ya kai shi shiga zuciyar iyayenmu mata, ba sabon labari ba ne. Daraktansa Mehboob Khan ya riga ya yi shi tun 1940 da suna Aurat, baƙi da fari, matarsa Sardar Akhtar ce ma ta fito a uwar. Bayan shekara 17, ƙasar ta samu 'yancin kai, shi kuma ya samu kuɗi da kayan aiki da kala, sai ya koma kan labarin nasa ya ɗauko Nargis da Sunil Dutt da Rajendra Kumar ya sake gina shi. Na biyun ne ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga sahun 'yan takarar Oscar, na farkon kuwa yau sai masu bincike. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa sabon zubi ba ya taɓa fin na farko. Sai dai a lura da wanda ya sake shi: mai abin ne da kansa, wanda ya san inda hannunsa bai kai ba a karon farko.

Devdas kuma nasa daban ne, shi kamar gadon gida ya zama, kowane zamani sai wani ya ɗauka. Littafi ne na Sarat Chandra Chattopadhyay da ya fito a 1917. P.C. Barua ya yi shi da Bengali a 1935, ya sake yi da Hindi K.L. Saigal na jarumi, kuma mai riƙe kamara a wannan aikin wani saurayi ne Bimal Roy, wanda shi ne a 1955 ya dawo a matsayin darakta ya yi na Dilip Kumar. Sai 2002 Sanjay Leela Bhansali ya zo da nasa, Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, gidaje kamar fadar sarki, kuɗin da aka kashe ya kai wajen rupi miliyan 500 wanda a lokacin ba a taɓa kashe wa fim ɗin Hindi irinsa ba. Ni dai a ganina na Dilip Kumar ya fi ciwo, don mutumin da giya da soyayya suka cinye ya kamata ka ga lalacewarsa, shi kuwa na Bhansali ko faɗuwa zai yi sai ya faɗi a kan kafet mai tsada. Amma ba wanda zai ce bai samu karɓuwa ba, kuma yaran da suka san labarin yau ta hanyarsa suka sani.

Akwai wata hanya ta biyu da ta daɗe, wato ɗauko fim daga kudancin Indiya, inda ake Telugu da Tamil da Malayalam, a mayar da shi Hindi. Ram Aur Shyam na 1967, labarin tagwayen nan ɗaya matsoraci ɗaya jarumi, daga fim ɗin Telugu na 1964 aka ɗauko shi, daga baya aka juya shi ya koma na mata a Seeta Aur Geeta da Hema Malini, aka kuma juya shi a ChaalBaaz da Sridevi. Jeetendra kuwa a shekarun 1980 kusan da wannan ya rayu, Himmatwala na 1983 ma daga Telugu yake. A lokacin ba wanda ya damu, don mutumin Delhi ba shi da hanyar ganin abin da aka yi a Madras, balle mu a nan da sai abin da masu silima 'yan Lebanon suka kawo. Mu ma ai 'yan Kannywood sun daɗe suna wankiyar finafinan Indiya da irin wannan lissafin, cewa mai kallo bai ga na asalin ba ko ya gani bai ji yaren ba.

Rikicin gaske ya fara ne wajen 2006, lokacin da 'ya'yan manyan masana'antar suka girma suka waiwayi finafinan shekarun 1970, wato finafinan da masu kallonsu suna nan da ransu kuma sun haddace su. Farhan Akhtar ya sake Don na 1978, kuma yana da ɗan haƙƙi a ciki tunda babansa Javed Akhtar ne ya rubuta shi tare da Salim Khan baban Salman. Ya sa Shah Rukh a gurbin Amitabh Bachchan, ya kai labarin Malesiya, sannan ya yi wayo guda ɗaya da ya cece shi, ya canja ƙarshen, wanda kake zaton talakan nan ne mai kama da Don ashe Don ɗin ne da kansa bai mutu ba. Wanda ya haddace tsohon shi ne ya fi shan mamaki. Fim ɗin ya ci kasuwa har aka yi na biyu a 2011.

Shekara ɗaya bayan fitowar sabon Don na 2006 sai darakta Ram Gopal Varma ya taɓo abin da ba a taɓawa, Sholay. Fim ne da ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva a Bombay, kowa ya san bos ɗin fim ɗin Gabbar Singh, kowa ya san Amjad Khan da ya fito a matsayinsa, mu a nan har Dharmendra muka raɗa wa Sarkin Ƙarfi. Iyalan Sippy masu fim ɗin suka kai shi kotu, dole ya cire sunan Sholay ya sa Aag, ya canja sunayen mutanen ciki, ya ɗauko Amitabh wanda a tsohon shi ne Jai ya mai da shi bos. Wallahi abin ba kyan gani. Ya faɗi warwas a 2007, har yau in ana lissafin finafinan Hindi mafiya muni sai an sako shi, shi kansa Varma ya sha yi wa kansa dariya a kai, kuma a 2015 babbar kotun Delhi ta ci shi tarar rupi miliyan 1 saboda keta haƙƙin mallaka. Abin dariyar shi ne Sholay ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba, labarin ƙauyen da ya yi hayar 'yan ta-kife su kare shi daga 'yan fashi ya bi ta Seven Samurai na Japan da finafinan kaboyi, amma su Salim da Javed sun narkar da shi har ya zama na Indiya tsantsa, shi kuwa Varma hoton hoto ya ɗauka.

Duk da haka ba su daddara ba. Umrao Jaan na Rekha aka sake da Aishwarya a 2006 bai je ko'ina ba. Karz na Rishi Kapoor aka sake a 2008 da mawaƙi Himesh Reshammiya, aka ƙara wa sunan harafin z har ya zama Karzzzz, shi ma shiru. A 2013 kaɗai an binne biyu, Himmatwala da Ajay Devgn da kuma Zanjeer da Ram Charan, wanda su Salim da Javed sai da suka je kotu a kan haƙƙin rubutunsu. Zanjeer na 1973 fa shi ne ya haifi Amitabh mai fushi, labarinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan sanda ne ke neman wanda ya kashe iyayensa, abin da ya sa ya zama abin da ya zama shi ne mutumin da kuma lokacin, talakan Indiya na fama da tsadar rayuwa da cin hanci ya ga wani dogo ya fito yana huce masa haushi. In ka cire Amitabh ka cire 1973 me ya rage?

Wanda ya fi ba ni sha'awa a duk jerin nan shi ne Agneepath, don shi ne ya nuna inda ribar take. Na 1990 faɗuwa ya yi a kasuwa. Amitabh ya canja murya ya mai da ita wata shaƙaƙƙiya, 'yan kallo suka ɗauka lasifikar silima ce ta lalace, sai da aka sake ɗora muryarsa ta ainihi, kuma duk da ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa furodusa Yash Johar ya tafka asara. Ɗansa Karan Johar ya riƙe abin a ransa, a 2012 ya ba Karan Malhotra ya sake shi. Ba su ce Hrithik Roshan ya kwaikwayi Amitabh ba, suka mai da shi mai shiru-shiru, suka cire rawar da Mithun ya taka gaba ɗaya, suka ƙirƙiro sabon mugu Rauf Lala suka ba Rishi Kapoor, mutumin da muka saba gani yana rawa cikin suwaita, sannan Sanjay Dutt ya aske kai ƙwal ya zama bos Kancha. Ya haura rupi biliyan 1. Za a iya musu a kan wanne ya fi, masoya Amitabh ba za su taɓa yarda ba, amma ba wanda zai ce na biyun bai da dalilin zuwa duniya.

A gefe guda kuma ɗauko na kudu ya zama babbar sana'a. Ghajini na Aamir Khan a 2008, fim ɗin Hindi na farko da ya tara rupi biliyan 1 a cikin gida, daga Tamil yake kuma darakta ɗaya ne ya yi duka biyun. Wanted na 2009 da ya farfaɗo da Salman daga Pokiri na Telugu ne, Singham daga Tamil, Rowdy Rathore daga wani fim ɗin darakta Rajamouli, Kabir Singh na 2019 daga fim ɗin Telugu mai suna Arjun Reddy. Sai data ta yi arha a Indiya bayan zuwan kamfanin sadarwa na Jio a 2016, tashoshi irin su Goldmines suka cika YouTube da finafinan kudu da aka fassara da Hindi kyauta, Baahubali ya zo, Pushpa da RRR da KGF suka biyo, mutumin arewacin Indiya ya san Allu Arjun da Prabhas da kansa. Daidai abin da ya faru da mu ke nan da fassarar Hausa ta su Algaita, yaro a Gusau ko Maraɗi ya riga ya kalli na asalin da Hausa, wa zai zo ya yi masa wankiya kuma? Shi ya sa daga 2022 finafinan maimai suka dinga zubewa, Bachchhan Paandey, Vikram Vedha duk da Hrithik na ciki, Shehzada, Selfiee, har da Laal Singh Chaddha da Aamir ya sayi haƙƙin Forrest Gump ya shekara da shekaru yana shiri. Drishyam 2 ne ya tsira a 2022, kuma shi na asalin na Malayalam ba a fitar da fassararsa ta Hindi ba kafin nan.

To wanne ya cancanci a sake? In ni za a tambaya, a bar Sholay da Mother India da duk wanda mutane ke iya karanto maganganunsa da ka. A nemo waɗanda tunaninsu ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsu. The Burning Train na 1980, jirgin ƙasa ya kama da wuta birki ya tsinke ga ɗaruruwan fasinja, an zuba taurari an zuba kuɗi amma bai mayar da yadda aka so ba, yau da kwamfuta za a iya yin abin da zai hana mutum numfashi. Kaala Patthar na 1979 da aka gina kan hatsarin mahaƙar kwal ta Chasnala a 1975 inda ruwa ya cinye sama da mutum 370, wannan labari ne da har gobe yana da masu jin sa, ko a nan wajenmu da ramukan haƙar zinare ke ruftawa da mutane. Ajooba na 1991 da Shashi Kapoor ya yi da haɗin gwiwar Rasha, tatsuniya ce mai daɗi da dabarun hoto suka kunyata.

Sai dai kwamfutar ma ba magani ba ce in ba a iya ba. Rajkumar Kohli da ya yi Nagin a 1976, fim ɗin macijiyar nan mai ɗaukar fansar mijinta da ya hana yara da yawa barci, shi da kansa ya sake labarin a 2002 da suna Jaani Dushman don ya ɗaga ɗansa Armaan, ya tara su Sunny Deol da Akshay Kumar da Sunil Shetty da Manisha Koirala, macijin ya koma wani abu mai rikiɗa yana kwaikwayon Terminator da Matrix. Yau mutane na kallonsa ne don su sha dariya, kuma shi ma fa mai abin ne da kansa ya sake, kamar dai Mehboob Khan.