Shekarar haske: lokaci ce ko nisa?

Idan aka ce tauraro yana nisan "shekarar haske huɗu", me ake nufi?

Nisa ake nufi, ba lokaci ba. Bahaushe ma bai kamata wannan ya rikita shi ba, domin mun saba. Ka tambayi mutum nisan garinsu, da wuya ya ba ka kilomita. Zai ce maka "tafiyar awa uku ce a mota". Fatake ma da kwanaki da zango suke lissafin hanya. To haka masana falaki suka yi, sai dai matafiyin da suka zaɓa shi ne haske, wanda babu abin da ya fi shi sauri. Shekarar haske ita ce tsawon hanyar da haske ke ci a cikin shekara guda, ba tsayawa ba hutu.

Nawa ke nan a kilomita?

Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ƙifta ido ya zagaye duniya, a daƙiƙa guda kuwa ya zagaye ta sau bakwai da rabi. Idan aka tara na shekara, ana samun kimanin kilomita tiriliyan 9.46.

Wannan adadi ba ya zama a kai, don haka mu ɗauki mota. A ce an shimfiɗa kwalta daga nan zuwa rana, direba ya riƙe gudun kilomita 100 a awa dare da rana, ba shan mai ba sallamar 'yan kan hanya. Zai yi kusan shekara 170 kafin ya isa, alhali hasken rana minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi ya iso mu. Wannan direban dai, kafin ya ci shekarar haske ɗaya tak, sai ya haura shekara miliyan 10 a kan sitiyari.

Me ya sa ba za a tsaya a kan kilomita ba?

Ana tsayawa a kai idan abin yana kusa. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000, rana kuma miliyan 150. Amma da zarar an fita unguwarmu, sifili ke cika takarda. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, yana nisan kusan kilomita tiriliyan 40. Ya fi sauƙi a ce shekarar haske 4.2.

Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya fi duk abin da ɗan Adam ya ƙera yin nisa, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Duk da haka, bayan kusan shekara 50 yana tafiya, abin da ya ci kimanin tafiyar haske ta kwana ɗaya ne kacal.

Wa ya je ya auno? Ta yaya aka san nisan abin da ba a taɓa zuwa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi, kuma mai yin ta bai yi laifi ba. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wata bishiya can nesa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle gefe. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Nisanta shi, tsallen ya ragu. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin idanunka biyu da girman tsallen, zai iya lissafa nisan yatsan ba tare da ya taɓa shi ba.

Masana sun mayar da duniya kanta idanun. A ɗauki hoton tauraro yau, a sake ɗauka bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya ɓangaren rana. Tazarar wuraren biyu kilomita miliyan 300 ce. Tauraron da ke kusa zai ɗan gusa idan aka gwada shi da na can bayansa. Gusawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai: ta Proxima ba ta wuce faɗin kwabo da kake hange daga kimanin kilomita uku ba. Shi ya sa aka daɗe ana nema ba a samu ba, sai a 1838 da Bajamushe Friedrich Bessel ya auna ta wani tauraro mai suna 61 Cygni. A zamaninmu, kumbon Gaia na ƙasashen Turai da aka harba a 2013 ya yi wa taurari fiye da biliyan ɗaya irin wannan awo.

Na kusa kuwa kai tsaye ake auna su. 'Yan sama-jannatin Apollo 11 sun bar madubi a kan wata a 1969. Ana harba masa haske daga ƙasa, a ƙirga lokacin da ya ɗauka ya dawo, kimanin daƙiƙa biyu da rabi.

Idan tauraro ya yi nisan da ba a ganin gusawarsa fa?

Sai a koma ga ƙarfin haskensa. Idan ka san irin fitilar da babur ke ɗauke da ita, dusashewarta za ta gaya maka nisansa a hanya. A 1912 Henrietta Leavitt ta gano cewa wasu taurari masu ƙara haske suna ragewa, tsawon lokacin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfinsu. Da irinsu Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa Andromeda wani gungun taurari ne daban, can wajen gungun da ranarmu take ciki. Yau an san nisansa ya kai shekarar haske miliyan 2.5.

Da gaske ne taurarin da muke gani da yawansu sun riga sun mutu?

Ana yawan yaɗa wannan magana, amma an zuzuta ta. Gaskiya ne tsohon haske muke gani. Na Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, ya baro gida shekara 8 da 'yan watanni da suka wuce. Na Kaza da 'Ya'yanta ya kama hanya kimanin shekara 440 baya, wato fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804. Sai dai taurari suna rayuwar miliyoyi ko biliyoyin shekaru, kuma akasarin waɗanda ido ke gani ba su wuce nisan shekarar haske 'yan dubbai ba. Da wuya ƙwarai a ce ɗaya ya mutu a cikin wannan ɗan taƙi.

Zara matar wata ba ta cikin wannan lissafi. Ita ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu, hasken rana take mayarwa, kuma cikin 'yan mintoci yake iso mu.