Ba kowace kasala ce ƙarancin sinadarin maza ba

Mun daɗe muna ji a majalisa wai saurayi in ya fara kasala, sha'awa ta ragu, to testosteron ɗinsa, wato sinadarin maza, shi ne ya yi ƙasa, sai ya nufi kemis ko wajen mai lasifika a bakin Kurmi. Alhali rashin barci, damuwa, ƙiba, ciwon suga, har tiramol da kodin duk suna kawo haka. Ba a gane ƙarancin testosteron da ido, gwajin jini ake yi a asibiti da safe kafin ƙarfe 10, kuma a maimaita wata rana. Abin da ya fi damuna, allurar testosteron tana rage ƙwayoyin haihuwa, ga yaro ko aure bai yi ba. Dan Allah ku tura wa 'yan uwa.