Naɗa da maimaita gudun manhaja don kamo kuskure

Naɗa da maimaitawa wata dabara ce da masu rubuta manhaja ke amfani da ita wajen farautar kuskure a firogiram mai yin ayyuka da yawa lokaci guda. Ana naɗe abinda ya faru sanda firogiram ɗin ke gudu, daga baya a sake kunna shi ya bi sak hanyar da ya bi, har da kuskuren, ko sau nawa ake so.

Irin wannan firogiram yana rarraba aikinsa zuwa ƙananan layuka da ake kira zare, kuma ba mai rubutun ne ke zaɓar wanne zai riga wanne ba, tsarin kwamfutar ne. A ce akwai naira 10,000 a asusu, maigida yana cirar 8,000 wajen mai POS a Wunti, a daidai wannan sakan ɗin ɗansa yana turan 8,000 ta waya daga Yelwa. Zare na farko ya karanta 10,000, kafin ya rubuta ragowar na biyu shima ya karanta 10,000, kowanne ya ga kuɗi sun isa ya sake su, kaga 16,000 ta fita amma asusu na nuna saura 2,000. Abin da ke cin rai shine kana iya gwadawa yini guda bai sake faruwa ba, kai ko layi ɗaya ka ƙara dan ka leƙa abinda ke gudana lokacin zai canza kuskuren ya ɓuya.

Kuma ba ƙaramin abu bane wallahi. Irin wannan tseren na zaruruwa na cikin abinda ya sa injin gashin cutar kansa mai suna Therac-25 ya ƙona majinyata tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada, har aka rasa rayuka. Shi ne kuma ya daskarar da manhajar ƙararrawa ta wani kamfanin wutar lantarki a jihar Ohayo ta Amurka ranar 14 ga Agusta 2003, ranar da mutum kusan miliyan 50 suka rasa wuta.

Sirrin dabarar shine ba komai ake naɗewa ba. Furosesa, wato ɓangaren kwamfuta mai yin lissafi, in ka ba ta abu ɗaya amsa ɗaya za ta ba ka, dan haka abinda ke shigowa daga waje kawai ake ajiyewa, wato abinda aka karanta daga fayil ko intanet, ƙarfe nawa agogo ya ce, da kuma jerin yadda zaruruwan suka karɓi juna. Tun 1987 Thomas LeBlanc da John Mellor-Crummey na jami'ar Rochester suka fitar da Instant Replay, wanda ke ajiye jerin wa ya riga wa taɓa bayanin da ake tarayya a kai.

A ganina wanda ya fi burgewa shine wani firogiram ɗin naɗa da maimaitawa mai suna rr, da Mozilla ta saki a 2014 dan gyaran Firefox, manhajarta ta shiga intanet, Robert O'Callahan na cikin jagororin aikin. Shi tilasta wa zaruruwan yake su riƙa gudu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi amfani da ma'aunin da ke cikin furosesa ya ƙirga daidai inda aka katse kowanne. Wannan na rage saurin firogiram mai dogaro da kwakwalwar furosesa da yawa, wani kuskuren ma sai ya ƙi fitowa, shi ya sa a 2016 aka ƙara masa yanayin hargitsi mai dagula jerin da gangan har sai kuskuren ya faɗo cikin rikodin.

In ya faɗo to shikenan, kamar VAR ne a gidan kallon ƙwallo, sai a tsaya inda firogiram ya faɗi a sa alama kan lambar da ta lalace a koma baya har layin da ya rubuta ta. A zahiri ba baya yake gudu ba, wani wurin da ya ajiye can baya yake komawa ya sake tahowa. GDB, wani firogiram ɗin farautar kuskure, ya samu komawa baya a sigar 7.0 ta 2009, Microsoft kuma ta sa nata a WinDbg, firogiram ɗinta na irin wannan aikin, a 2017.

Ɗaliban kwamfuta na ATBU da Jami'ar Jihar Gombe za su iya gwada rr tunda kyauta ne, sai dai Linux yake buƙata, kuma a kwamfutar bogi da ake ɗorawa cikin Windows sau da yawa ba ya tashi sai an buɗe masa wancan ma'aunin. A kula kuma da wanda za a tura wa rikodin, dan duk abinda firogiram ya karanta yana ciki, har fasuwod ɗin mutane.