Hayaƙi a ɗakin matuƙa jirgi: amsa ta ƙarshe, don Allah

Me matuƙi ke fara yi?

Ya sa takunkumin oksijin, ya murɗa shi zuwa kashi 100, wato oksijin zalla, ya tabbatar abokin tuƙinsa na jin muryarsa. Wanda ya suma ba ya tuƙi.

Me zai hana a buɗe taga?

Haba malam! Bas ɗin kasuwa ce? Matsin iskar cikin jirgi ya danne tagar, ko ƙato ne ba zai iya ba.

Don me ba a sako wa fasinja nasu takunkumin?

Kullum sai an yi mini wannan da fushi, kamar rowa ake yi. Na fasinja yana gauraya oksijin da iskar ɗakin, hayaƙin dai za ka shaƙa. Kuma oksijin abincin wuta ne. Sunkuya ƙasa, rufe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, ka bi maganar ma'aikata.

A sauka nan take, ko a fara neman inda hayaƙin ke fitowa?

To, nan ne gizo ke saƙa. Ƙa'idar yau ita ce a juya zuwa filin jirgi mafi kusa, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na bin takardar matakai: a kashe fankoki, a yanke wutar kicin da ta talabijin ɗin kujeru, kada a mayar da maɓallin da ya katse wuta da kansa. Jirgin Swissair 111 ya sa aka tsananta haka. Ran 2 ga Satumba 1998 ya tashi daga New York zuwa Geneva, matuƙan suka ji ƙauri, suka zaci na'urar sanyaya ɗaki ce. Sun nufi filin jirgin Halifax a Kanada, amma suka karkata don zubar da mai su rage nauyi. Kamar minti 21 bayan jin ƙaurin jirgin ya faɗa teku da mutum 229. Sai dai masu binciken Kanada sun ce ko da sun miƙe kai tsaye da ba su kai ba, don haka a daina zagin mamata. Ban ce kowane wari gobara ba ne; wani lokaci burodi ne ya ƙone a tanda. A tsakiyar teku kuwa, "mafi kusa" na iya zama tafiyar awa biyu. Ni dai a ganina, muddin ba a ga tushen da ido an kashe shi ba, a sauka, ko jirgin ya yi nauyi da mai. Injiniyoyi sa duba ƙafafun jirgin daga baya.

In an sauka shi ke nan?

Ina! A 1980 jirgin Saudia 163 ya koma Riyad ya sauka lafiya da wuta a cikinsa, ba a fitar da mutane nan take ba, duka 301 suka rasu. In aka ce fita, bar jakarka. Eh, har da ta hannun.