Kwakwar teku ta Seychelles (Lodoicea maldivica)

Kwakwar teku, wadda Faransawa ke ce ma coco de mer, bishiya ce dangin giginya da goriba, kuma duk faɗin duniyar nan babu inda take fitowa da kanta sai tsibirai biyu na ƙasar Seychelles a tekun Indiya, wato Praslin da Curieuse. Ƙwallonta ne mafi girma cikin duk tsirrai, ɗa ɗaya kan wuce kilo 20, kuma sai ya shekara 6 zuwa 7 a jikin uwar kafin ya nuna. Namiji daban mace daban suke, macen ce ke 'ya'ya.

Tun kafin a san inda bishiyar take mutane sun daɗe da sanin ƙwallon, don igiyar ruwa kan kai shi gaɓar tsibiran Maldives, to da yake ba wanda ya taɓa ganin uwar sai aka riƙa cewa wai a ƙarƙashin teku take tsirowa, sarakuna suna saye da tsadar gaske suna masa ado da zinare da azurfa. Alhali fa ɗanyen ƙwallo nutsewa yake saboda nauyi, sai cikin ya ruɓe ya zama fanko sannan yake tasowa, shi ya sa duk wanda ruwa ya kai wata ƙasa baya tsira. Sai a 1768 ne ayarin Bafaranshe Marion Dufresne suka ci karo da ita a Praslin. Duk da haka sunan Maldives ya bi ta, wani masanin kimiyya mai suna Gmelin ya sa mata sunan kimiyya Cocos maldivica a 1791, wani masanin tsirrai mai suna Persoon kuma ya maida ta Lodoicea maldivica a 1807.

Ganyenta ma abun kallo ne wallahi, ƙaton gaske mai kwari a tsakiya, in anyi ruwa sai ya tattaro shi har da kashin tsuntsaye da busassun furanni ya gangaro ta jikin itacen zuwa gindi, da haka take samun taki a ƙasar da bata da ƙarfi.

Dajin Vallée de Mai na tsibirin Praslin inda ta fi yawa ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1983. Gobarar daji da ɓarayin ƙwallo su ne suka fi damunta, kuma ɓarna ce mai zafi tunda sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta fara haihuwa. Yanzu ba a fita da ƙwallon daga Seychelles sai da takardar izinin gwamnati.