Kaskon suyar Sallah da yaran da ke zagaye da shi

Ana saura kwana biyu Sallah, tsakar gida takan cika da ƙamshi. An jiƙa shinkafa an kai niƙa, masu nakiya na ta daka, ga kaskon cincin da dublan a kan murhu, yara kuma sun yi cirko-cirko suna jiran na ɗanɗano. A irin wannan mako muke yawan karɓar yara masu ƙuna a asibiti, shi ya sa nake roƙonku, iyayena mata, ku ba ni aron kunnuwanku.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Man suya kuwa yakan kai 170 zuwa 180, ga shi yana manne wa fata. Da ƙullun shinkafa mai ruwa-ruwa ko jiƙaƙƙen matsami ya taɓa shi, ruwan zai koma tururi nan take, man ya fantsama. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, abin da zai tsaya wa uwa a bororo shi sai ya ci naman jikinsa.

Bara aka kawo mini wata 'yar shekara uku da mai ya zubo wa a cinya. Kakarta, don tausayi, ta lafta mata man goge baki da ɗanyen ƙwai. Sai da muka wanke shi tas kafin mu ga ciwon, yarinya na ta tsala ihu. Har yau ina jin kukan nan. Man goge baki, manja, gishiri, duk ba sa fitar da zafi, ƙwai kuma yana iya sa wa ciwon ƙwayoyin cuta.

Abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwan randa ko na famfo a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne kuma a bar ta. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, a garzaya asibiti.

Kar a yi suya da goyo. A sa wata babba ta janye yaran ɗaki, a kai musu nasu can. In kuma mai ya kama da wuta, ruwa zai ƙara tayar da ita: a kashe gas ko a janye itacen, a kifa murfin ƙarfe a kan kaskon.