Rikicin Takardar Lamunin Banki: Abin da Doka ke Dubawa

Ɗan kasuwar da ke fitar da riɗi ko citta zuwa ƙetare yakan nemi bankin mai saye ya buɗe masa takardar lamuni, wadda aka fi sani da LC, wato alkawarin biyan kuɗi da zarar ya gabatar da takardun da aka shardanta. Akasarin irin waɗannan takardu suna bin ƙa'idojin UCP 600 na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007.

Sashe na 4 da na 5 na waɗannan ƙa'idoji sun raba alkawarin banki da cinikin kansa: banki takardu yake dubawa, ba ruwansa da kaya. Saboda haka mai saye ba zai hana biya ba don kawai kayan ba su yi masa ba, sai dai ya kai ƙarar mai sayarwa daban.

Amma tsananin yana komawa kan mai sayarwa idan takardunsa suka saɓa. A shari'ar kamfanin Rayner, mai sayar da kayan, da bankin Hambros a Ingila, farkon shekarun 1940, takardar lamuni ta ambaci gyaɗar Koromandel (wani yanki a Indiya), takardar jirgin ruwa kuwa ta ce gyaɗa ɓararriya da inji. Dillalan London sun san abu ɗaya ne, duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta ce banki yana da ikon ƙin biya, domin ba a ɗora masa sanin al'adar kowace sana'a ba. Yanzu an sassauta: takardar farashi ce dole bayaninta ya dace da na lamunin, sauran takardun kuwa ya isa kada su ci karo da shi.

Shi ma banki ba a sakar masa mara ba. Yana da kwanakin aiki 5 kacal na bincike, kuma in zai ƙi, tilas ya aika sanarwa guda ɗaya mai ɗauke da dukkan kurakuran da ya gani. In ya gaza, ya rasa damar ƙin biya. A ganina, nan ya kamata mai fitar da kaya ya fara dubawa kafin ya yarda a rage masa kuɗi.

Zamba tana iya dakatar da biya, amma ƙofar ƙunci gare ta. A 1982 kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta yanke cewa ko da wakilin jirgi ya rubuta ranar lodi ta ƙarya, muddin mai sayarwa bai sani ba, banki zai biya shi.